Zauren Tambaya: "Da" ɗin Rasha da tamu, uwa ɗaya uba ɗaya?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan kalma ɗaya kamar an haɗa baki, kalmar da ba ta wuce baƙi ɗaya da wasali ɗaya ba. Na tsamo huɗu daga ciki. Masu tambaya a kan sunayen watanni su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ɗalibi ne, ina shekara ta biyu a karatun likita a Rasha. Tun ranar da na sauka a filin jirgi nake jin "da, da, da" a bakin mutanen nan, ashe "i" ke nan a harshensu. Na ba da labarin a zaurenmu na WhatsApp na 'yan unguwa, sai wani yayanmu ya ce ai wannan hujja ce Hausa ce uwar harsunan duniya, har ya ƙara da cewa "hannu" Bature ya ɗauka ya mayar "hand". An yi ta musu har tsakar dare. Don Allah a raba mana gardama.
Ɗanka, daga Rasha

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya tsare mana kai da sanyin ƙasar nan. Ka gaida yayan naku, ka ce masa na so a ce da gaskiyarsa, don ni ma da na samu abin tinƙaho, sai dai kama da wane ba ta wane.

Kafin mu je Mosko mu tsaya a gida tukuna, domin sai an fara sanin wace "da" ake nufi. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da Hausa a sakandare, kuma kusan kowace shekara, a makon farko, nakan rubuta wa 'yan aji huɗu wannan a allo:

Da da da ɗa, da gidan bai mutu ba.

Sai in ajiye alli in koma kujerata. Aji ya kama "dadadada" kamar injin markaɗe ya ƙi tashi, ana ta ƙyalƙyala dariya, wasu suna cewa Malam ya yi tuntuɓen alli. Wata shekara wata yarinya a layin baya, wadda ko gaisuwa ba ka cika jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta karanta shi tiryan-tiryan ba tare da ta yi gargada ba. Na ce wa ya koya miki? Ta ce ai haka kakarta take magana.

Ga abin da bakinta ya yi. Ta farko doguwa ce, murya ƙasa, ita ce ta "da na sani", ta abin da bai auku ba. Ta biyu ita ma doguwa ce, amma murya takan fara daga sama ta faɗo, ita ce ta "mutanen da". Ta uku gajera ce, murya ƙasa, tana nufin akwai, irin ta "da sauƙi", "da saura". Ta huɗu ma baƙinta daban ne, ɗa ne na haihuwa. Ta biyar abokiyar tafiyar ta farko ce. Masu nazari sukan rubuta su dàa, dâa, dà, ɗaa. Ma'anar jimlar: in da a ce can baya akwai ɗa a gidan, da bai watse ba. To ka tambayi yayan naku, a cikin waɗannan wacce ce ta yi hijira zuwa Rasha?

Bari ma in ba shi makami kafin in ƙwace. A tsohon salon magana da cikin tatsuniyoyinsu, Rashawa sukan sa "da" tsakanin abu biyu daidai yadda muke yi. Suna da tsohuwar gaisuwa ga wanda aka tarar yana cin abinci, "hleb da sol", wato burodi da gishiri. Ka ga "da" ta zauna daram a mazauninta na Hausa. In ya ji wannan sai ya yanka rago. Amma ka fi ni sanin cewa kalmar da suke haɗa abubuwa da ita yau da gobe ita ce "i". Wato "da" ɗinsu "i" ce a wurinmu, "i" ɗinsu kuma "da" ce. Da gado ne, wa ya yi musanyar a hanya?

Tasu kalmar tana da tarihinta a rubuce. Tana cikin tsofaffin littattafan coci na harshen Silab, dangin Rashanci, da aka kwafa kimanin shekara 1,000 da suka wuce, a can tana nufin "domin" ko "bari a yi kaza", kuma har yau tana wannan aikin a kirarinsu na "da zdravstvuyet", kwatankwacin "Allah ya ja zamani". Masana suna mayar da ita ga wani tsohon tushe na nuni mai ma'anar "haka". Daga "haka" zuwa "i" kuwa taku ɗaya ne. Mu ma idan mun yarda da magana "haka ne" muke cewa, kuma "si" ta Italiya da Sifen daga "sic" ta Latin ta fito, ita ma "haka" take nufi.

Yanzu ɗan lissafi, tunda ku likitoci ba kwa gudun lissafi. Baƙaƙen Hausa sun ɗan haura 30, wasula 5. Idan ka auri kowane baƙi da kowane wasali ba za ka wuce gaɓa 160 da wani abu ba. Yawancin harsuna ma ba su kai mu yawan baƙaƙe ba, ga shi "d" da "a" suna cikin sautukan da suka fi yawo a bakin ɗan Adam, harsunan duniya kuma sun kai wajen 7,000. Abin mamaki shi ne a ce an nemi "da" an rasa. Bajamushe yana da ita, tana nufin "can" ko "tunda", kuma 'yar'uwar "there" ta Ingilishi ce. Bajapane yana rufe jimla da ita a inda muke cewa "ne" ko "ce". Babarbare in ya ce "da" nama yake nufi. Bayarabe in ya tsare ka ya ce "owo da?" kuɗi yake tambaya ina suke. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi kullum dare suna jin maƙwabtansu Asante suna sallama da "da yie", a kwana lafiya. Kowace da gidan ubanta.

Akwai wani harshe a arewa maso gabashin Ostireliya, Mbabaram, wanda masanin harshe Dixon ya je ya ɗauka daga bakin ragowar masu jinsa. Ya tambayi sunan kare, aka ce masa "dog". Ya zaci aron Turanci ne, sai da aka bi diddigi aka ga tsohuwar kalmarsu ce, "gudaga", ta goge da tafiyar zamani har ta koma haka, kuma maƙwabtansu suna nan suna faɗar cikakkiyar. Mutumin da ya kafa wasan judo a Japan a 1882 sunansa Jigoro Kano, bai kuwa taɓa hango Dala ko Gwauron Dutse ba. Batun "hand" ma haka. Tana cikin fassarar Baibul ta harshen Got, wani tsohon dangin Ingilishi, tun ƙarni na 4 a matsayin "handus", alhali Clapperton, wanda ke cikin Turawan Ingila na farko da suka taka Kano, sai 1824 ya iso.

Zumuncin harshe na gaskiya ba a kalma ɗaya ake gane shi ba, a jere yake zuwa, kuma yakan ɓuya a wuraren da ba a cika aro ba. Dubi wannan: gidanka, gidanki, gidanku. Balarabe ya ce baituka, baituki, baitukum. Mu ce ya da ta, shi ma ya ce yaktubu, taktubu. Mu ce mutu, ya ce mata da maut, kuma tushen nan na "m" da "t" yana cikin Ibrananci da harshen Buzaye da na Misirawan zamanin Fir'auna. Irin wannan jeri ne ya sa Joseph Greenberg, a rabe-raben harsunan Afirka da ya fitar a 1963, ya tabbatar da Hausa a cikin iyalin Cadi, tare da Bolanci da Ngizim da Angas da Bura da Margi da sauransu kimanin 150, iyalin kuma a cikin babbar zuriyar Afro-Asiya. Ka lura, ko Larabcin ma ba uwar Hausa ba ce, 'yan kakanni ɗaya ne da suka rabu tun ba a fara rubutu ba. Rashanci kuwa zuriyarsa daban, shi da Ingilishi da Farisanci da Hindi.

Ba na musun cewa ƙananan kalmomi suna tafiya. Mutanen Romaniya harshensu jikan Latin ne, amma "da" suke cewa in sun amsa, sun karɓa daga maƙwabtansu Silabawa da suka zagaye su. Mu ma mun ari "na'am" da "amma" daga Larabci, Fulanin Adamawa kuma sun ari "sai" ɗinmu suna cewa "sey". Amma duk inda ka ga aro za ka ga hanya, ko kasuwa ko makaranta ko auratayya. Wane ayari ne ya taɓa tashi daga Kurmi ya sauke kaya a bakin kogin Bolga na Rasha?

In kana son kamar da ta fi wannan daɗi, saurari abokan karatunka idan ɗayansu zai ce shi da ɗan'uwansa sun je wani wuri. Zai ce "mi s bratom", kalma da kalma "mu da ɗan'uwa", alhali su biyu ne rak. Haka Bahaushe yake cewa "mun je kasuwa da Audu" yana nufin shi da Audu kawai. Wannan ma ba gado ba ne, tunani ne ya zo ɗaya, amma ya fi "da, da" abin a tsaya a duba. Kuma in ka sami sarari ka leƙa babban ɗakin karatu ka tambayi ƙamusun Hausa da Rashanci da aka buga a Mosko a 1963 ƙarƙashin Olderogge. Ka ɗauki hoton bangonsa ka tura zauren, ya fi musun tsakar dare amfani.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da gidan kallon ƙwallo. Yara suna ta gardama a kan sunan Neymar da Silva, wai "da" ɗin nan "ɗan" ne, wato Neymar ɗan Silva, kamar yadda ake cewa Leonardo da Vinci ɗan Vinci ne. Ni dai na ce sai na tambayo.
Mai gidan kallo, Gusau

AMSA: Ƙanena, ka kyauta da ka tambayo, don yaran naka sun haɗa mutum biyu da ba garinsu ɗaya ba.

Ta Neymar ta harshen Fotugal ce, wanda ake yi a Birazil, kuma kalma biyu ce aka dunƙule, "de" da "a". Aikinta irin na "na" da "ta" ne a Hausa. Tana da 'yan ɗaki uku, do da dos da das, kuma duk kun san su a fili ba ku lura ba. Sunan Pele na yanka Edson Arantes do Nascimento, na Ronaldon Fotugal kuma Cristiano Ronaldo dos Santos Aveiro. Abin da zai ba yaran dariya shi ne "da" ta mace ce. Mu muna duba wanda ke gaba, mu ce Audu na Binta, Binta ta Audu. Su kuwa abin da ke biye suke dubawa, kuma "silva", wadda a Latin take nufin daji, kalma ce ta mace. Shi ya sa ƙato kamar Neymar, ko shugaban Birazil Lula da Silva, yake ɗauke da ita. Wannan "da" ɗin ta ma shigo Nijeriya da ƙafarta. Bayin da suka 'yantu suka dawo Legas daga Birazil a ƙarni na 19, waɗanda ake kira Aguda, sun zo da sunaye irin su da Silva da da Rocha, kuma gidan attajirin nan Candido da Rocha, wanda ake kira Water House, sananne ne a tsibirin Legas.

Ta Leonardo kuwa Italiyanci ce, ma'anarta "daga", an ƙera ta daga ƙananan kalmomin Latin biyu. An haife shi a 1452 a yankin wani ɗan gari, Vinci, kusa da Fulorans, kuma cikakken sunansa Leonardo di ser Piero da Vinci. Ka ga wadda ta yi aikin "ɗan" a nan ita ce "di", ɗan Ser Piero, "da" kuma ta faɗi garinsu. Sai dai yaran sun faɗa rami sun tsinci dami, domin mu ma mukan ce ɗan Kano, ɗan Zariya, saboda haka "Leonardo ɗan Vinci" fassara ce mai kyau ko da dalilinsu bai yi daidai ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne kiransa "Da Vinci" kawai, kamar ka kira mutum "Daga Bichi" ne. Mu namu ma ya fi sauƙi, sai mu liƙa garin ba wani mahaɗi: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa.

"Ɗan" namu ɗa ne aka ɗosa masa "n" ta mallaka. Jaridun Turanci ne suka cire masa ƙugiya, suka bar mu da Dantata da Dangote da Dan Fodio, har yaro ya tashi yana ganin "d" ɗaya ce.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. A Sudan aka haife ni, kakanninmu sun tafi Hajji ta ƙasa suka zauna a can, aure ne ya dawo da ni Kano. Har yau bakina yakan suɓuce in ce wa jikokina "yaro da" ina nufin yaron nan, su yi ta yi mini dariya. A can "da" muke cewa. Shin ba daga Larabci Hausa ta samo tata ba?
Hajiya, Fagge

AMSA: Hajiya, ina amsawa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ki ce wa jikokin nan su bar dariya, harshe biyu kike ɗauke da su, su ɗaya ma suna cakuɗa shi da Turanci. Hausawan Sudan tsofaffin zama ne, wasu tun kafin Turawa, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba da tafiya gabas har suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi.

"Da" ɗin da kika taso da ita ta nuni ce: al-walad da, yaron nan, al-bit di, yarinyar nan, da shinu, mene ne wannan. Haka ake yi a Masar da Cadi. Asalinta ita ce gaɓar ƙarshe ta "haza" ta Larabcin littafi, wadda ake rubutawa da zal. Mutanen waɗannan ƙasashe sun saba mayar da zal dal, shi ya sa suke kiran zinariya "dahab".

To a nan hujjar take. Mu Hausawa idan mun ari kalma mai zal daga littafi, "z" muke mayar da ita: zikiri, izini, azaba, Zulhajji. Da a ce daga nan muka ɗauko, da "za" muke cewa. Ga shi kuma aikinsu bai haɗu ba, taku nuni take yi, tamu haɗawa take yi, Balarabe kuwa in zai haɗa "wa" ko "ma'a" yake sawa. Abin da ya sa bakinki yake suɓucewa, a ganina, shi ne Larabcin Sudan yana ajiye kalmar nuni a bayan suna kamar yadda muke ajiye "nan". Gurbin ɗaya ne, sai wadda ta riga zuwa harshe ta zauna.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce, aji biyar nake koyarwa. Matsala biyu ke damuna. Yara suna rubuta "inada" da "dashi" a haɗe, na yi gyara har na gaji. Sannan wani yaro ya rubuta mini "Na tashi da na yi wanka da na tafi makaranta". Na soke da jan biro, ya ce "Malama, me ya sa?" Na san ba daidai ba ne, amma wallahi na rasa bayanin da zan yi masa.
Malama, Azare

AMSA: Malama, sannu da fama, kuma ki riƙe yaron nan da kyau. Wanda ke tambayar "me ya sa" a aji biyar ba a samunsa kullum.

"Da" gajera sunaye take haɗawa, ba ta haɗa jimloli. Goro da alawa, ni da ke, da manya da yara. Idan ayyuka ne suka biyo juna sai mu jera su tsirara, na tashi na yi wanka na tafi makaranta, in an so a sa "sai" ko "sannan" ko "kuma". Dalili shi ne asalin aikinta rakiya ne. "Audu da Bala" a can ƙasansa Audu ne tare da Bala, kuma mutum ko abu ake rakawa, ba a raka "na yi wanka". Ga gwajin da yaro zai iya yi da kansa: bayan wannan "da" ɗin sai dai ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Da zarar ya ga "da na" ko "da ya", to wata "da" ce ta shigo, ta lokaci. Shi ya sa jimlarsa take karantuwa kamar "lokacin da na yi wanka", mai karatu ya tsaya yana jiran abin da ya faru, shiru.

Ba na ganin laifinsa sosai. Turanci ake koya masa awa biyar a rana, kuma "and" ta Bature ba ta da zaɓi, suna da aiki da jimla duk ɗaure su take yi. Manya ma da ke fassara labarai a gurguje nakan ji ta suɓuce musu.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Leon Stassen, ya yi nazari a 2000 inda ya raba harsunan duniya gida biyu, masu kalma daban don haɗawa da kalma daban don rakiya, irin Ingilishi da Larabci, da kuma masu kalma ɗaya tilo, waɗanda suka yi yawa a Afirka kudu da Sahara. Wanda ya fi burge ni shi ne Swahili. Tasu kalmar "na" ce, ba ta yi kama da tamu a kunne ba ko kaɗan, amma duba aikinta. Baba na mama, baba da mama. Nina pesa, ina da kuɗi, wato ina tare da kuɗi. Kuna maji, da ruwa, akwai ruwa. Sawu ɗaya suke takawa tun daga haɗawa har mallaka har samuwa. Da za a ba ni zaɓin ƙawar "da" a duniya, wannan zan nuna, ba ta Rasha ba.

Tamu ma har ta fi yawo. Kalmar rakiya ce, amma da ita muke rabuwa: rabu da shi, nesa da gida. Da ita muke fitar da abu daga hannu: saya ta koma sayar da, ci ta koma ciyar da. Da ita muke faɗar lokaci, da safe, da damina, da ita muke zaɓe, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma tana sauya abin da ke binta. Ki gwada wa yaran waɗannan:

Da suka zo, muka ci abinci.
Da sun zo, sai mu ci abinci.
Da sun zo, da mun ci abinci.

Ta farko an yi an gama. Ta biyu ana jira, suna isowa za a zuba. Ta uku ba su zo ba, tuwo ya huce, kuma ita kaɗai ce doguwa. Haka "mutanen da suka fi mu haƙuri" da "mutanen da sun fi mu haƙuri": "suka" da "sun" ne kaɗai ke gaya wa ido yadda zai karanta kalmar da ta riga ta wuce. Mai karatun Hausa kullum yana leƙen gaba kafin ya buɗe baki, bai ma san yana yi ba.

Wasu sukan ce to me zai hana mu riƙa sa alamar karin sauti mu huta, kamar Yarabawa, ko kamar rubutun boko na Sinanci da aka tsara a 1958, inda dá amsawa ce, dǎ duka, dà kuma babba? Ni ban goyi baya ba. A ƙamus dole ne, kuma tun ƙamusun Bargery na 1934 ake nuna karin sauti. Amma a wasiƙa da jarida, mutanen da har yau muke roƙo su sa wa "ɗ" ƙugiyarta, in aka ɗora musu alama a kan kowane wasali sai su ajiye alƙalamin gaba ɗaya. Jimla tana warware kusan komai. Ƙugiya dai ba na yafe ta, tunda yanzu wayoyi suna da allon rubutun Hausa, kuma "Sarki ya tafi fada" da "Sarki ya tafi faɗa" ba labari ɗaya ba ne. A wannan fannin ajami ya fi boko adalci: yana ja wa doguwar "da" alif, ɗa kuma yana da baƙinsa na kansa, wanda muka haddace a makarantar allo da sunan ɗa mai hannu, shi ne na ɗalibi da ɗahara da ɗawafi.

Batun haɗewa kuwa, ƙa'idar ba ta da wuya. "Da" kalma ce mai zaman kanta, a ware ake rubuta ta: ina da, da shi, da ke, lokacin da. Waɗanda suka riga suka narke suka zama kalma guda su ne irin wanda, wadda, waɗanda, inda, yadda, tunda. In zai sanyaya miki rai, Turkawa ma suna wannan yaƙin. Suna da "da" mai nufin "ma", wadda ake warewa, Musa da geldi, Musa ma ya zo, da wata mai nufin "a", wadda ake liƙawa, okulda, a makaranta, kuma kullum suna cikin yi wa juna gyara a kanta a intanet.

Jan biro ba zai yi miki maganin wannan ba, na gwada shekara da shekaru. Abin da ya yi mini aiki shi ne in nuna musu abin da haɗewar take haifarwa. Da shi in an haɗe ya zama dashi, na itace. Da ka ya zama daka, na turmi. Da ma ya zama dama, ta hannu ko ta fura. Da wa ya zama dawa. Gobe da safe, kafin su zauna, ki rubuta musu a allo "Dawa ka ci tuwon dawa?" ki ce akwai kuskure ɗaya, wanda ya gano shi ne zai riƙe allin aji na mako. Ki rubuto mini wanda ya fara ɗaga hannu, ina zargin mai "me ya sa" ɗin nan ne.